Ƙarfen sabis ko kebul a ƙasa: wanne za mu nema wa ƙauyenmu?



A makon nan za mu leƙa wata magana da aka saba bar wa maza da injiniyoyi, alhali mu ne muka fi jin jiki idan aka yi zaɓen tumun dare a cikinta. Maganar ita ce yadda za a kai intanet mai ƙarfi ƙauyukanmu. A ƙara kafa ƙarafunan sabis ne, ko a haƙa ƙasa a binne kebul?

Ko a birni kike zaune, da wuya ki rasa uwa ko kaka ko ƙanwa a ƙauye. Kin san yadda abin yake. Ki tura kuɗin magani, mai POS ya ce babu netwok, a dawo gobe. Ki kira ta bidiyo don kaka ta ga jikanta, hoto ya daskare tun ba a gama gaisawa ba. Yaro ya gama sakandare zai zauna JAMB, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, amma bai taɓa samun intanet ɗin da zai gwada hannunsa ba. Naƙuda ta tashi cikin dare, sai an hau tudu kafin a sami mai mota a waya.

Mutanen Zamfara sun ɗanɗana wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ciniki ya tsaya, aiken kuɗi ya tsaya, mutum ya yi tafiya mai nisa don kawai ya ji muryar ɗansa. Abin da su suka gani na ɗan lokaci, shi ne rayuwar yau da kullum a ƙauyuka da yawa.

Mu kwatanta shi da ruwa

Kebul ɗin faiba kamar bututun ruwa yake. A cikinsa akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, kuma saƙo yana gudu a cikin zaren ne a matsayin haske. Yana ɗaukar kaya mai yawan gaske, ruwan sama da iska ba sa rage masa ƙarfi. In an binne shi da kyau yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki. Idan buƙata ta ƙaru, na'urorin da ke bakinsa biyu ake sauyawa, ba sai an sake haƙa ba.

Ƙarfen sabis kuwa famfon unguwa ne. Guda ɗaya ake kafawa, kowa ya zo da bokitinsa. Saƙo yana tashi ta iska daga kan ƙarfen zuwa wayar hannunki, babu haƙa, babu jan waya zuwa kowane gida. Yana da saurin kafuwa, kuma yana bin ki gona da kasuwa da gidan biki.

Sai dai ruwan famfon unguwa rabo ake yi. Da asuba ke kaɗai ce, bokiti ya cika nan da nan. Da yamma layi ya yi tsawo. Shi ya sa sabis ɗin da ke gudu da ƙarfe huɗu na dare yake rarrafe bayan sallar isha'i, shi ya sa kuma yake sumewa ranar kasuwa ko lokacin da 'yan birni suka dawo gida hutun Sallah. Wayarki lafiyarta ƙalau, masu ɗiba ne suka yi yawa.

Famfon ma daga wani wuri yake sha

Nan ne yawancinmu ba mu lura ba. Ƙarfen sabis ba ya ƙirƙirar intanet da kansa, ɗebo shi yake yi daga wani wuri. Wani ƙarfen kebul ne ya zo har gindinsa. Wani kuma, in kin ɗaga kai, za ki ga wani farin abu mai kama da ganga a jikinsa. Da shi yake karɓo saƙo ta iska daga wani ƙarfen da ke hango shi, shi ma wancan daga wani, har a kai inda kebul yake. Idan jerin ya yi tsawo, ƙauyen da ke ƙarshe ragowa yake samu, kuma in ƙarfe ɗaya a tsakiya ya mutu, duk na bayansa sun mutu. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana iya raunana irin wannan haɗi.

Shi ya sa za ki ga sandunan sabis sun cika a fuskar wayarki, ta rubuta 4G, amma hoto ɗaya ya ƙi buɗewa. Tsakaninki da ƙarfen lafiya lau. Bututun da ke bayansa ne ya yi ƙanƙanta.

Shi kansa intanet ɗin ƙasar nan ta kebul yake shigowa. Manyan igiyoyi ne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, mafi yawansu suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 a 2010 da Equiano a 2022. Daga can sai an ja shi kimanin kilomita 1,000 kafin ya iso Kano. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin igiyoyin tekun suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har bankuna suka riƙa ba mutane haƙuri. Wadda take riƙe da waya a Daura ko Gumel ba ta taɓa ganin teku ba, amma ranar ta ji a jikinta.

Ke nan babu ƙarfen da zai yi ƙarfi in babu kebul kusa da shi. Tambayar da ta dace ita ce: har ina kebul zai zo kafin iska ta karɓa?

Me ya sa ba a binne shi ko'ina ba?

Ƙasashe irin su Ingila sun gaji wayar tarho ta tagulla da ta shiga kusan kowane gida tun shekaru aru-aru. Da intanet ya zo, a kanta suka fara ɗora shi, sannan suka riƙa musanya ta da faiba. Mu ba mu gaji wannan ba. Kafin zuwan GSM a watan Agusta na 2001, layukan tarhon ƙasar nan duka wajen 400,000 ne, ga mutane fiye da miliyan 100, kuma kusan duk a birane suke. Ƙauyenmu daga babu ya tsallaka zuwa wayar hannu. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai kebul ƙauye, daga farko zai fara haƙa.

Haƙar ita ce tsadar, fiye da shi kansa kebul ɗin. Ga kuɗin lebura da injin haƙa, ga kuma kuɗin izini da jihohi ke karɓa a kan kowace mita da aka haƙa a gefen hanyarsu. An amince a tsakanin gwamnatin tarayya da gwamnoni cewa kuɗin ya zama naira 145 a kan mita ɗaya, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar dubbai. A 2020 jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, jihar Kaduna kuma ta yafe shi gaba ɗaya.

Mu yi lissafin kasuwa. Ƙauye yana da nisan kilomita 50 daga inda kebul ya tsaya, wato mita 50,000. A kan naira 145, kuɗin izini naira miliyan 7 da dubu 250 ne. A kan naira 4,500, ya zama naira miliyan 225, tun ba a sa fatanya a ƙasa ba. Wane kamfani ne zai zuba wannan kuɗi don ƙauyen da mafi yawan mutanensa katin ɗari biyu suke sawa? Kin ga ashe wata takarda da aka sa wa hannu a gidan gwamnati tana iya zama dalilin da ya sa ba kya jin muryar mahaifiyarki sosai.

Bayan an binne ma ba a huta ba. Ana tsinka kebul sau dubbai a kowace shekara a ƙasar nan, yawanci wajen aikin hanya, wani lokaci kuma masu neman tagulla ne ke tone shi. Abin takaicin, faiba gilashi ne, ba shi da kasuwa a wurin 'yan gwangwan. Sun jefa gari cikin duhu, su ma ba su sami ko sisi ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, wato taɓa su babban laifi ne. Yana da kyau samarin gidanmu su ji wannan daga bakinmu.

Shi ma ƙarfen da nasa ciwon

Babban ciwonsa wuta. Dare da rana yake buƙatarta, kuma a inda babu wutar gwamnati da janareta yake rayuwa. Sai an kai masa man dizal a mota, a hanyar da damina ke yankewa, wani wurin ma ga fargabar 'yan bindiga. Mai ya ƙare, sabis ya ɗauke. A sace batir, sabis ya ɗauke. Shi ya sa ƙananan ƙarafuna masu aiki da sola suka fi dacewa da karkara, tunda rana dai ba mu rasa ta ba. Tsadar mai da faɗuwar naira na cikin dalilan da kamfanoni suka kawo har hukumar NCC ta amince musu ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Kuɗin man janaretan nan, a ƙarshe daga aljihunmu yake fita.

Sai yanayin ƙasa. A shimfiɗaɗɗen fili irin na Jigawa ko Yobe, ƙarfe ɗaya yana iya ciyar da ƙauyuka da dama. A wuri mai duwatsu irin Gwoza ko tsaunin Mambila, ƙauyen da ke bayan dutse ba zai samu ba ko da kusa yake.

Kada kuma lamba ta ruɗe mu. An fara 5G a Najeriya a 2022, a manyan birane har da Kano da Maiduguri. Yana da gudu, amma irin wanda aka kafa a biranenmu ba ya cin dogon zango, kuma bango yana tare shi. Zangon da ke tafiya nesa ya ratsa ɗaki shi ne na ƙasa-ƙasa, kamar yadda amon babbar ganga ke kaiwa ƙauyen gaba. Ga karkara, 4G mai kyau a kan irin wannan zango, da bututu mai faɗi a bayansa, ya fi 5G na allon talla amfani. Ballantana wayoyin da ke hannun mutanenmu kaɗan ne ke kama 5G.

To tauraron ɗan'adam fa?

Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Faranti ne ake ɗorawa a kan rufi, yana magana da taurarin da ke shawagi kimanin kilomita 550 a sama. Ba ya jiran kebul ya iso ƙauye, ba ya jiran ƙarfe. Ga rugar da ke tsakiyar daji ko asibitin da ke bayan kogi, wannan babbar mafita ce.

Amma kayansa dubban ɗaruruwan naira ne, kuɗin wata kuma dubun-dubata, ga shi yana son wuta a kowane lokaci, kuma hadari mai nauyi yana iya katse shi na ɗan lokaci. Gidan manomi ɗaya ba zai ɗauka ba. Inda yake da ma'ana shi ne makaranta ko asibiti, inda kai ɗari za su sha daga faranti ɗaya, a kuma san tun farko wanda zai riƙa biyan kuɗin wata.

Abin da nake gani ya dace

Ra'ayina shi ne a kawo kebul har hedikwatar ƙaramar hukuma da manyan garuruwan kasuwa, a shigar da shi makarantar sakandare da asibiti, a kai shi gindin ƙarafunan sabis. Daga nan iska ta ƙarasa da shi gidaje da gonaki. Inda ya yi nisa ƙwarai, tauraro ya riƙe kafin kebul ya iso.

Na san akwai mai cewa wannan raina ƙauye ne, me ya sa ɗan birni zai sami kebul har ɗakinsa, a bar ɗan ƙauye da famfon unguwa? Maganarta tana da ƙamshin gaskiya. Gari mai cunkoson gidaje da ke bakin babbar hanya, wanda kebul ya riga ya ratsa, babu dalilin hana shi. Amma in aka ce sai kowane gida a ƙananan hukumomi 774 ya sami nasa, jariran yau za su yi aure ba a gama haƙa ba. Akwai kuma mai cewa a bar maganar haƙa, a yi ta kafa ƙarafuna tunda sun fi sauri. Ita ma sai ta tuna cewa ƙara famfo goma a kan siririn bututu ɗaya ba ya ƙara ruwa.

Gwamnati ma ta san da haka. Shirin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai intanet mai ƙarfi ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, da saurin megabit 25 a birni da 10 a karkara, a kan farashin da bai wuce naira 390 ba kowane gigabait. Megabit 10 ya isa ki yi kiran bidiyo yaro kuma yana kallon darasinsa. Wa'adin ya cika ana wajen rabi, ba a kai 70 ba. Farashi kuwa, ki duba abin da kika saya jiya ki kwatanta da kanki. A 2024 ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a kan kimanin 35,000 da ake da su, aikin da aka ƙiyasta zai ci wajen dala biliyan 2. Akwai kuma asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada musamman don wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Kyan alkawari cikawa. Amma inda kebul zai bi da inda zai tsaya, mutane ne ke zama su yanke, kuma sukan fi jin wanda ya yi magana.

Tambayoyi shida da za ki riƙe

Idan kansila ko ɗan majalisa ko wakilin kamfani ya zo da albishir ɗin "za mu kawo muku netwok", a taron iyayen yara ne ko na ƙungiyar mata, ga abin tambaya. In ba za ki sami zuwa ba, ki ba maigida ko babban ɗanki ya kai gaban mai gari.

1. Daga ina ƙarfen zai sha? Kebul zai zo gindinsa, ko daga wani ƙarfen zai riƙa karɓa?
2. Da me zai sami wuta? In sola ce, batirinsa zai kai asuba? Wa zai yi gadinsa?
3. In ya lalace wa za a kira, kuma cikin kwana nawa za a gyara?
4. In kebul zai ratsa garinmu, a ina zai tsaya? Sau da yawa yakan wuce ta ƙofar makaranta zuwa wani birni ba a bar mata ko reshe ba. Lokacin da ramin yake buɗe ake roƙon reshe, ba a fafe gora ranar tafiya.
5. Bayan shekarar farko wa zai biya kuɗin wata? Ɗakunan kwamfuta nawa muka gani an buɗe da kiɗa, bayan shekara sun zama ma'ajiyar tsofaffin kujeru?
6. Kamfani ɗaya ne zai hau ƙarfen, ko kowa? Ƙarfe ɗaya yana iya ɗaukar kamfanoni da yawa, kuma inda suke gasa mai saye ne ke hutawa.

Kafin nan, a cikin gida

Kada ki sayi rauta don talla ta burge ki. Ki ari layukan maƙwabta na kamfanoni daban-daban, ki gwada su a cikin ɗakinki tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare, lokacin da layin famfo ya fi tsawo. Wanda ya yi aiki a wannan lokaci shi ne naki.

In kin saya, ki ajiye ta a sama kusa da taga, ta ɓangaren da ƙarfen yake. Rufin kwano da bango mai kauri suna cinye sabis. Inda ya yi rauni sosai, akwai eriyar da ake ɗaurawa a waje a kan dogon ƙarfe, tana taimakawa ƙwarai. Rauta ba ta cin wuta da yawa, ƙaramar sola ta ishe ta.

In kina garin da faiba ya shigo unguwarku kuma gidan yana da 'yan makaranta da yawa, ki tara abin da kowa ke kashewa a data a wata, ki kwatanta da kuɗin faiba. Wani lokaci za ki tarar ya fi sauƙi. Ki tambayi maƙwabtan da suka riga ki sawa kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara in ya tsinke. Wani amfanin intanet na gida guda shi ne makullinsa yana hannunki. Ƙarfe goma ta yi, ki kashe, kowa ya kwanta.

In kin kai ƙorafi ga kamfaninki ba a saurare ki ba, hukumar NCC tana da lambar kyauta, 622. Ki riƙe lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ki kafin ki kira.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku gaya mana a ƙasa: a ƙauyenku wane lokaci sabis ke ɗaukewa, kuma a ina ake tsayawa kafin a samu? Akwai inda aka haƙa kebul ya wuce ku? Ku ambaci ƙaramar hukuma kawai, ba sai da suna ko lambar waya ba. In bayanan sun taru za mu dawo kansu a wannan fili.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. A gaida yara.